Zaren Umma da Nisan Saurayina

A gidanmu ba a taɓa yaudarar kowa ba, kuma ba za a taɓa yi ba, domin muna da Kawu. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, kuma a tsawon shekarun nan babu mahalukin da ya taɓa yi masa ƙarya game da wani wuri a doron ƙasa ya sha. Da ganin takalmin mutum yake sanin inda ya fito. Da jin sallamarsa yake sanin ko ya taɓa ƙetare teku. Wannan ba ra'ayi ba ne, doka ce, kuma a cikinta na tashi.

Ku riƙe wannan, za mu neme shi an jima.

Shekarata ashirin da shida. Ina aiki a ofishin sayar da tikitin jirgin sama, taga ta biyu, wadda ke ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa sai an zungure ta da rula. Shekara huɗu ke nan ina faɗa wa mutane awa nawa za su yi a sama, inda za su sauka su jira, da nauyin kayan da za a yarda su ɗauka. Ni kuwa ƙafata ba ta taɓa taka matakalar jirgi ba. Babanmu ya rasu ina 'yar shekara goma sha ɗaya, daga ranar Kawu, yayan Umma, ya gaji kujerarsa ta falo da kuma kalmar ƙarshe a kan komai. Umma tela ce, kekenta na kusurwar falon, kusa da taga. Sai Yaya, ma'aikaciyar jinya, wadda Allah ya ba baki kamar allurar da take yi wa mutane: kafin ka ankara ta shiga ta fita.

Yaya ce ta raɗa wa saurayina suna Mai Akwati.

Wata takwas da suka wuce ya fara zuwa tagata. Dogo, wankan tarwaɗa, farar riga mai dogon hannu da aka goge har tana iya yanka, ga wani turare da ke rigan shi isowa. Ya tambayi kuɗin tikiti zuwa wani babban birni mai nisan gaske, inda ya ce a nan yake aiki da wani kamfanin gine-gine. Na duba na faɗa masa. Ya gyaɗa kai kamar mai jin labarin wani tsohon aboki, ya ce kamfani ne ke saya masa, ya dai so ya kwatanta. Bayan sati uku ya dawo ya sake kwatantawa. A zuwa na uku ya kwatanta, ya kuma nemi lambata.

Kada wata ta rubuto mini a ƙasa tana cewa ai tun nan ya kamata in gane. Na sani. Ke ma da kin ji turaren da ba ki gane ba.

Sau ɗaya a wata yake zuwa. Kullum da baƙin akwatinsa mai taya, wai daga filin jirgi ya wuto kai tsaye, ko gida bai leƙa ba. Ya jingine shi a bakin ƙofar falo, takardar nan da ake liƙa wa kaya tana reto a hannun akwatin, ya buɗe ya fito da cakulan da ɗan turare. A gidanmu har an daina kiran sunan birnin. "Can" kawai ake cewa, ana ɗan ɗaga haɓa. A Can ba a ɗauke wuta. A Can motar haya ba ta makara. A Can ko kare sai ya jira fitila ta ba shi hannu kafin ya tsallaka titi.

Ranar da Kawu ya yi masa jarrabawa, ina bayan labule. Ya tambaye shi sunan kogin da ya ratsa birnin, ya faɗa. Watan da sanyi ya fi tsanani, ya faɗa. Kawu ya sunkuya ya daɗe yana duban takalminsa.

"Wannan takalmin ya taka ƙanƙara," in ji Kawu bayan ya tafi. "Ku dubi gefensa. Yaron nan na gaske ne. Na sa hannu."

Da Kawu ya sa hannu, sai gida ya juya. Aka sayo agogon bango na biyu aka rataye kusa da namu, aka saita shi a kan lokacin Can, awa bakwai gaba da mu. Duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya ko ɗaya ya lalace ne, shi kuwa Kawu abin da yake jira ke nan. Ya sayi wata ƙatuwar kwat mai gashi a wuya, domin ziyarar da zai kai mana idan mun tare. Ya gwada ta a falo da tsakar rana, gumi na bin kuncinsa, yana tambayar Umma ko kafaɗar ta zauna. Duk abokansa 'yan fansho da suke haɗuwa a shagon mai jarida sun san launin kwat ɗin nan da adadin maɓallanta.

Daga nan aka zo kan maganar aikina.

"Matar da za ta zauna a Can ba ta zama a bayan taga tana miƙa wa mutane takarda," in ji Kawu. "Ki ajiye tun yanzu, ki huta, ki koyi yarensu."

"Kawu, ai ko biza ba a fara nema ba."

"Yaron ya ce yana kai."

"A bari a gani mana tukuna."

"Ni ban gani ba ke nan?"

Umma ta tsayar da keke. Idan Umma ta tsayar da keke a tsakiyar ɗinki, to roƙo take yi. Ta dube ni kawai, irin kallon da ke cewa wannan mutumin shi ya biya miki makaranta, kada ki sa in zaɓa tsakanin ɗan uwana da 'yata.

Kawu da kansa ya rubuta takardar ajiye aikin. Shafi biyu da rabi. A ciki akwai tarihin sufurin sama a taƙaice. Ni dai aka nuna mini inda zan sa hannu. Zan so in ce muku tilasta mini aka yi, amma na yi alkawarin ba zan yi muku ƙarya ba: na sa hannu ina hango kaina cikin doguwar kwat ja, ina jiran fitila tare da karnukan Can.

Ranar Laraba Kawu ya sa babbar riga da tabarau, ya ɗauki sandarsa, ya kai takardar ofishinmu da hannunsa. Bai tsaya nan ba. Minti arba'in ya yi a gaban teburin Manaja yana yi mata bayanin cewa ƙaramin ofis irin wannan ba zai iya riƙe yarinya irin tasu ba, kuma ya kamata a gyara fanka. Manaja mace ce da ba ta ɗaga murya, ba ta kuma mantuwa. Ta karɓa, ta sa a aljihun tebur, ta ce Allah ya sa alheri.

Washegari, Alhamis, ina daure igiyar takalmi saƙonsa ya shigo. Ƙarfe bakwai da minti goma na safe.

"Sarauniya, yanzu na shiga jirgi. Za a rufe ƙofa. Ki ajiye mini murmushin nan."

Ga hoto: fiffiken jirgi, farin gajimare, shuɗin sama. Na aika masa da zuciya guda uku. Guda uku, jama'a. Ni mai digiri.

Wajen ƙarfe sha ɗaya wata dattijuwa 'yar kasuwa ta zo tagata. Tsohuwar abokiyar cinikinmu ce, ta fi matuƙan jirgin sanin hanya. Can za ta, saro kaya. Na buga na karanto mata: tashi da yamma, sauka a wani gari a jira awa biyar, sannan a ƙarasa.

"'Yata, babu wanda ke tafiya kai tsaye har yanzu?"

"Babu, Hajiya. Ba a taɓa yi ba."

"Awa sha tara ke nan, ƙafafuna su kumbura kamar na giwa. Ko da kai tsayen ne ma ai ya fi awa sha biyu. Wannan gari kam an kai shi ƙarshen duniya an ajiye."

Na yi dariya, na miƙa mata takardarta. Ban ji komai ba. Awa sha tara, lamba ce da nake faɗa sau biyar a sati, kamar yadda ake faɗin ina kwana.

Ƙarfe uku da rabi wayata ta yi ƙara. Umma ce.

"Baƙonki ya iso. Yana falo, Kawunki na ba shi shayi. Ki yi ƙoƙari ki taso da wuri."

Na ajiye wayar a kan tebur. Saƙonsa na sama, kiran Umma na ƙasa. Bakwai da minti goma. Uku da rabi. Na ƙirga da yatsu kamar 'yar aji ɗaya, don ban yarda da kaina ba. Awa takwas da minti ashirin. A cikinsu ya ƙetare rubu'in duniya, ya jira awa biyar a garin da ake jira, ya bi layin duba fasfo, ya karɓi akwati, ya shiga tasi, kuma rigarsa ba za ta yi ko lanƙwasa ɗaya ba.

Na koma baya cikin saƙonninmu. Watan jiya, awa tara. Wanda ya gabace shi, awa bakwai da rabi, da alama ranar direban na sauri. Ni da nake lissafa wa duniya awoyinta, wata takwas ban lissafa nawa ba. Ba don ban iya ba. Don ban so ba.

Da na isa gida na gaishe shi da murmushin da ya ce a ajiye masa. Na ce bari in matsar da akwatin daga hanya kada Kawu ya yi tuntuɓe. Ina jan sa na juya takardar da ke hannun akwatin. Irin takardar nan ni kamar wasiƙa nake karanta ta. An naɗe ta da salatif mai haske don kada ta yage, an kula da ita kamar jaririya. Ta gaske ce kuwa, daga Can ta fito. Kwanan watan da ke jikinta na shekara biyu da suka wuce ne.

Juma'a da safe na shiga wurin Manaja na rufe ƙofa.

"Ranki ya daɗe, takardar nan tawa..."

"Tarihin sufurin sama? Tana nan."

"Ina so in janye ta."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Jakar takardu na tafiya babban ofis ranar Litinin, ƙarfe tara. Idan ta shiga jakar, ta fita hannuna, kuma akwai mutum goma sha ɗaya da ke son tagarki, da fankarta da komai."

"To a ba ni ita yanzu."

"A'a. Ke kika sa hannu, amma ba ke kika kawo ba. Hannun da ya ba ni, shi zan mayar wa. In na ba ki yau, jibi ya dawo da wata mai shafi biyar, ni kuma ba ni da wasu minti arba'in ɗin."

Wato aikina na hannun mutumin da tun da aka haife ni ban taɓa jin ya ce na yi kuskure ba. Kwana uku gare ni.

Da rana na bi ta asibiti na samu Yaya a ɗakin hutunsu tana cin biskit. Na ba ta labarin takardar akwatin, na nuna mata hotunan jirgin da yake aiko mini duk wata, guda takwas, ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe tana ja da yatsa.

"Wannan gajimaren ma'aikacin gwamnati ne," in ji ta. "Wata takwas ba a yi masa canjin wurin aiki ba."

"Yaya, ba wasa na zo ba."

"To ki je ki faɗa wa Kawu mana."

"In ce masa me? Kawu, an yaudare ka?"

Ta gane, domin ita ma a gidan ta tashi. Idan ka ce wa Kawu ya yi kuskure, ka ba shi aikin yi na shekara guda: zai kare kuskuren nan har ya gina masa katanga.

"Ba a faɗa wa Kawu abu," na ce. "Shi ke faɗa wa mutane."

Yaya ta ajiye biskit ɗin. "Auta, me kike ƙullawa?"

"Ki dai zo cin abincin gobe. Ki sa baki kawai idan na dube ki."

Asabar aka shirya liyafar rana saboda Mai Akwati. Umma ta shimfiɗa farin mayafin tebur da ba a fito da shi sai an yi babban baƙo, aka jera faranti masu bakin zinariya, shinkafa da kaji da lemo mai sanyi. Na sa doguwar riga ruwan toka da Umma ta ɗinka mini, mai ƙananan maɓallai har wuya, na ɗaura agogon hannu, abin da ban saba ba. Shi kuma ya zo cikin shuɗiyar riga da takalmin da ya taka ƙanƙara, yana jan akwatinsa kamar kullum. Agogunan bango biyu na kanmu, ɗaya na cewa biyu, ɗaya na cewa tara.

Da aka kusa gamawa na tsiyaya wa Kawu lemo, na sassauta murya.

"Kawu, jiya wata mata ta tambaye ni ainihin nisan da ke tsakaninmu da Can, na duba kwamfuta na faɗa mata. Sai ta ce wai da can malamai na iya aunawa ba tare da na'ura ba. Na ce anya kuwa."

Na dubi Yaya.

"Haba, ina," in ji Yaya. "Ai sai da kwamfuta. Mutanen da kintace kawai suke yi."

Kawu ya ajiye cokali a hankali. Na ga Umma ta rufe ido.

"Kintace," in ji shi. "Auta, shiga ɗakina, kan kabad. Ɗauko mini duniya."

Ƙwallon taswirar duniyar nan ya girme ni. Da shi ya yi ritaya, makarantar ba ta san ya tafi ba har yau. Na ɗauko na goge ƙurar da gefen hannuna, aka ture faranti aka ɗora shi a tsakiyar tebur. Kawu ya miƙa hannu ba tare da ya waiwaya ba.

"Zare."

Umma ta warwaro jan zare daga kan kekenta ta gutsura da haƙori. Kawu ya miƙe tsaye. Wallahi sai da ya rage shekara ashirin a gabanmu. Ya ɗora kan zaren a garinmu ya ce Mai Akwati ya danne da yatsa, ya ja ɗaya kan ya haye teku da duwatsu har ya dire a Can.

"Jirgi ba ya bin titi. Gajeriyar hanya yake bi a bayan ƙwallo, ga ta nan. Yanzu ku duba." Ya ɗauke zaren ya shimfiɗa shi a kan layin da ya raba duniya biyu. "Wannan layin, in ka zagaye shi, kilomita dubu arba'in ne. Zarenmu ya ci rubu'insa da ɗan ɗori. Dubu goma sha ɗaya. Me kwamfutar taki ta ce?"

"Dubu goma sha ɗaya da ɗari biyu, Kawu."

Ya dubi Yaya ta saman tabarau. "Kintace."

"Na tuba," in ji Yaya.

Mai Akwati har da tafi. Ya ce lallai a Can ma ba a samun malamai irin wannan.

"To Kawu," na ce, "awa nawa ke nan a sama?"

Ya zaro biro daga aljihu, ya jawo takardar goge hannu. "Jirgin fasinja na cin kamar kilomita ɗari tara a awa. Raba. Awa goma sha biyu da 'yan mintoci. Wannan in bai tsaya ko'ina ba, kuma iska na sonsa."

"Ba zai yiwu a yi a awa takwas ba?"

"Sai dai in aljani ne ya ɗauko mutum."

Na fito da wayata na ajiye kusa da farantinsa, na nuna masa saƙon Alhamis da lokacinsa, na nuna masa kiran Umma da lokacinsa. Na koma kujerata. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin agogunan biyu suna gardama a bango.

Mai Akwati ya yi wata 'yar dariya. "Ai bambancin lokaci ne, Kawu. Ka san Can na gaba da awa bakwai."

Kawu ya cafke maganar kamar wanda aka jefa wa igiya a rijiya. "Yauwa. Bambancin lokaci. Sha biyu a cire bakwai, saura biyar. Har ma yana da rarar awa uku. Ke yarinya, abin da ba ki sani ba..."

"Kawu, gafarta mini, tambayar ɗaliba ce. Da saƙon ya shigo, wayar na hannuna a gidan nan. Da Umma ta kira, wayar na hannuna a garin nan. Agogo ɗaya ne ya rubuta duka biyun. Wanne daga cikinsu zan cire wa awa bakwai?"

Na sha ganin mutum yana faɗa da wani. Ranar na fara ganin mutum yana faɗa da kansa a kan tebur. A gefe guda ga Kawun da ya sa hannu, mai kwat, mai agogo biyu, mai abokai a shagon jarida. A ɗaya gefen ga malamin da ya yi shekara talatin da huɗu yana zana jan biro a kan duk yaron da ya yi wannan kuskuren daidai. Ya dubi takardar goge hannun. Ya dubi zaren. Leɓensa na motsi, yana sake rabawa, ko Allah zai sa lambobin su ji tausayinsa.

Sai ya ɗauki biron ya ja layi ɗaya a kan "saura biyar". A hankali, da kyau, kamar da rula.

"Ba a cirewa," in ji shi, muryarsa can ƙasa. "Agogo ke canjawa, tafiya ba ta raguwa." Ya juya ga Mai Akwati. "Yaro, daga ina kake zuwa?"

"Kawu, wani lokaci kamfani kan ba mu ƙaramin jirgi..."

"Ƙaramin jirgi ya fi babba jinkiri. Daga ina kake zuwa?"

"Akwatin ma a tambaye shi," in ji Yaya. "Takardar wuyansa ta shekara biyu, ta kusa shiga makaranta."

Mai Akwati ya daɗe yana kallon farantinsa. Da ya buɗe baki, muryar da ta fito ba ta da turare ko kaɗan. Ya taɓa zuwa Can, da gaske. Sati uku, wani kwas da masu yin tayil suka kai dillalansu, shekara biyu da suka wuce. Shagon tayil na yayansa yake tsarewa, a unguwar da ke bayan gadar jirgin ƙasa. Cakulan ɗin a babban kantin da ke kan hanya yake saye, ya ɓare takardar farashi a cikin tasi.

"Ranar da na fara zuwa tagarki, da gaske farashin na je tambaya," ya ce, bai ɗago ba. "Ina zuwa ne in ji ko ya sauko. Da kika tambaye ni ko a can nake zaune, sai na ji bakina ya ce e. Daga nan kuma na rasa inda zan sauka."

Kawu ya ɗaga zaren ya kai shi kusa da ƙwallon, ya nemi garinmu, ya ga ɗigon da ke wakiltar mu duka, da mu da gadar da shagon tayil, bai kai kaurin zaren ba. Ya ajiye.

Mai Akwati ya tashi ya yi wa Umma godiyar abinci. A bakin ƙofa ya kama akwatin, da ya ɗaga shi sai na ga da yatsa biyu ya ɗauka. Babu wanda ya raka shi. Muna jin ƙarar tayoyin a kan siminti har suka ɓace.

Umma ta koma kan kekenta ta ci gaba da ɗinkin da ta bari. Amma na ga kafaɗunta na rawa, kuma ba kuka ba ne. Yaya ta jawo farantin baƙon ta cinye cinyar kazar da ya bari. Ni kuwa, in gaya muku gaskiya, ji na yi kamar an ɗauke mini buhu daga ka. Na yi zaton zan yi kuka. Sai na tarar yunwa nake ji.

Kawu ya rungumi duniyarsa ya shige ɗaki. Bai fito ba sai la'asar, bai kuma yi wa kowa magana ba. Lahadi ma haka. Na gaishe shi ya amsa, na kai masa shayi ya sha. Sau biyu na buɗe baki zan ce Kawu, takardar, jakar na tafiya ƙarfe tara, sau biyu Umma ta girgiza mini kai daga bayan keke. Na ci nasara a kan tebur, amma takardata na nan a aljihun teburin Manaja, kuma babu zaren da zai jawo ta.

Litinin na tashi, na yi wanka, na sa kayan aiki kamar mai zuwa jana'izar kanta. A falo na ɗaga kai don duba lokaci. Agogo ɗaya ne a bango. Kusa da shi ƙusa ce tsirara, da wani da'irar fenti mai haske. Ƙofar Kawu a rufe, takalminsa ba ya nan.

A cikin motar haya saƙo ya shigo.

"Na auna a waya. Daga shagonmu zuwa tagarki kilomita goma sha huɗu ne. Da na faɗa miki haka tun farko, da kin ba ni lambar?"

Na rubuta amsa na goge. Na sake rubutawa na sake gogewa. Har yanzu da nake muku wannan rubutun ban aika komai ba, kuma abin da ke ba ni haushi shi ne tambayar ba ta wauta ba ce.

Takwas saura kwata na isa ofis. Mai gadi ya riga ya buɗe ɗakin jira. A kan bencin abokan ciniki, can ƙarshe, mutum ɗaya ne zaune. Babu babbar riga, babu sanda. Tsohuwar rigarsa ce ta zuwa aji, mai tabon tawada a aljihu. A gefensa wata ƙatuwar leda, gashin wuyan kwat na leƙowa ta bakinta. Ya ciri lamba daga na'urar bakin ƙofa kamar kowa, ya riƙe ta da hannu biyu a kan gwiwa.

Na shiga bayan tagata, na kunna kwamfuta, na zunguri fanka da rula. Manaja ta leƙo daga ofishinta, ta gan shi, ta dubi agogo, ta koma ciki ta bar ƙofar a buɗe. Na ji ƙarar aljihun tebur.

Ƙarfe takwas daidai na danna maɓalli.

"Lamba ɗaya."

Kawu ya miƙe, ya gyara tabarau, ya tako har gaban tagata. Bai dube ni ba. Ya tura 'yar takardar lambar ta ƙarƙashin gilashi.

"Ina kwana, ma'aikaciya," in ji shi. "Wata takarda na zo karɓa. Akwai kuskure a ciki."